Kwandon da Nana Hauwa Ta Mayar

Bodinga, Laraba 3 ga Maris

Zuwa ga Adda Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan kina lafiya, da maigida da yara, da keken ɗinkin nan naki da ba ya hutawa. Ki durƙusa ki gaishe mini da kakarmu Nana Hauwa, ki tambaye ta ƙafa. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara da wuri.

Adda, na kira ki sau huɗu ba ki ɗauka ba, shi ya sa na koma ga takarda kamar mutanen da. Jiya ina cikin aji ina koya wa 'yan aji biyar rabawa, sai ga Ɗanliti direba ya tsaya a ƙofar makaranta yana ta matsa oda. Na fito ya sauke mini kwandon albasa a gaban ƙafata. Na ce daga ina? Ya ce daga Shagari, an ce a kai wa mai littafi. Ya ja motarsa ya bar ni tsaye da alli a hannu, malamai suna leƙe.

Na gane kwandon. Shi ne na albasar farko da yayana Kamilu ke aika wa Nana daga fadamar Tunga kowace shekara. Tun ina goye ake kai kwandon nan gidanku, ban taɓa jin ya dawo ba. Na zauna na juya albasar ɗaya bayan ɗaya, ban ga ruɓaɓɓa ba. Gaskiya bana ba ta yi girma ba, tsutsa ta taɓa ganyen. In ƙanƙantar ce ta ɓata wa Nana rai, ki faɗa mini in sa Kamilu ya tsince manya ya sake aikawa. Amma me ya sa ni za a kawo wa? Ni ko kunyar gona ɗaya ban da ita a Tunga.

Tun da an kira ni mai littafi, bari in yi miki albishir. Makarantu shida yanzu suke karanta "Kaka Ya Sari Daji". Yara na son wurin da jaki ya ƙi tsallake rafi, da wurin da iska ta kwashe bukkar farko da tukunyar miya a ciki. Wata yarinya ta ce ita ma in ta girma za ta je daji ta kafa gari. An ce za a sake bugawa bayan salla. Na san kwafin da na aiko miki tun kaka yana ƙarƙashin tsummokara ba ki buɗe ba, na san halinki.

Ki ba Ɗanliti amsa ranar Asabar.

Ƙanwarki,
Safinatu

Shagari, Asabar 6 ga Maris

Safinatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Nana tana kwance tun makon jiya, ƙirji ne wannan karon, ba ƙafa ba. Na ga kiranki. Ban ɗauka ba don abin da ke bakina ba na waya ba ne.

Albasa ba ta da laifi. Nana ta karɓi wadda ta fi wannan ƙanƙanta shekarar fari, ta sa albarka.

Kin yi gaskiya, ban buɗe littafin ba, kuma a nan nawa laifin yake. Ranar da kwandon ya iso Nana tana cikin farin ciki, ta sa aka ajiye shi inda za ta riƙa gani. Sai ta ce, "Ke Ummu, ina littahin ga da ɗiyar Mansur tay yi? Ɗauko ki karanta mani in ji mutanena." Na kakkaɓe shi na zauna bakin gado. Da na fara dubawa ni kaɗai, da na san inda zan tsallake.

Ta yi dariyar jakin har da tari. Ta ce haka anka yi. Da muka zo inda kika ce, "Daji ne fetal, babu kowa sai kura da gada," ta ce in ci gaba. Na karanta yadda Malam Abu ya haƙa rami uku babu ruwa, ya yi addu'a, ya haƙa na huɗu a gindin kanya ruwa ya ɓulɓulo. Nan ma ta ce in ci gaba. Sai shafi na ashirin da biyu. Bakina ya riga idona, na karanta mata: "Kaka mutum ne mai tausayi. Kowace shekara yakan aika wa wasu matalautan Fulani sadakar albasa, har yau jikokinsa ba su daina ba."

Ta ce in sake. Na sake. Ta dubi kwandon ta daɗe, sannan ta ce, "Ashe sadaka nika ci shekara saba'in da biyar. Ɗauke shi. A kai ma mai littahi."

Ko ba ki sani ba, bari in gaya miki yadda aka yi. Kakanki Malam Abu da matarsa Asabe da ƙanensa Jamilu, wanda shi ne kakana, sun baro wajen Danchadi da jaki biyu don gona ta yi musu kaɗan. Dajin da suka sauka bayan Lambara, inda Tunga take yanzu, ba fetal yake ba. Rugar Arɗo Sulaiman ta yi rani ashirin a wurin. Da ramukan nan uku suka ƙi, har sun ɗaure kaya za su koma. 'Yar Arɗo, mai shekara tara, ta biyo da ƙwaryar nono, ta tarar da Asabe tana kuka da busasshen gora. Ita ta ja ta zuwa gindin kanyar, inda shanunsu ke tona da kofato su sha. Arɗo ya yarda su haƙa rijiya su yi noma a gangaren, bisa sharaɗi biyu: a bar wa shanu hanyarsu, kuma albasar farko ta kowace shekara ta zo gidansa, don 'ya'yan gidajen biyu su san wa ya tarar da wa. Malam Abu a kansa yake ɗauko ta, ba ya ɗora wa jaki. Yarinyar nan ita ce Nana Hauwa, da ta girma ta auri Jamilu.

Yanzu makarantu shida, in ji ki. Biyu a nan Shagari suke. Ina taya ki murna.

Ummukulsum

Bodinga, Laraba 10 ga Maris

Adda Ummu,

Assalamu alaikum. Allah Ya ba Nana lafiya, Ya sa kaffara ne. Ina gaida kowa.

Na fara rubuta miki wata wasiƙa daban. A cikinta na ce littafin yara ne ba na tarihi ba, na ce mai bugawa ya ce yara jarumi ɗaya suke so, in an yi musu biyu sai su ruɗe, na ce shafi talatin da biyu kawai aka ba ni. Duk gaskiya ne, ya faɗa. Na karanta ta na ji kunyar kaina na yaga.

Kin ce ko ban sani ba. Adda, na sani.

Kin tuna sunan ɗan ƙanwarki Khadijatu, shekara uku ke nan, da na kwana biyu a gidanku? Kina wurin rabon tuwo na zauna da Nana a inuwar ɗaki da littafin rubutuna. Ta ba ni labarin nan kaf, har da yadda Asabe ta rungume ta nonon ya zube. Na cika shafi bakwai. Suna nan a akwatina, na ɗauko su jiya, har da inda na ja layi biyu na rubuta "wannan shi ne zuciyar littafin".

Sai Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Kullum da la'asar nakan karanta masa abin da na rubuta. Kin san yadda yake da mahaifinsa, ko sunan Malam Abu aka ambata sai ya gyara zama. Ranar da zan karanta masa babin rijiya, na dube shi ya rame ya zama kamar kara, sai na ji ba zan iya ce masa mahaifinsa ya ɗaure kaya zai gudu har sai da 'yar shekara tara ta cece shi ba. Na tsallake. Na ƙirƙiro ramin na huɗu nan take, da bakina. Ya yi hawaye ya ce, "Haka Malam yake, ba shi karaya." Bayan rasuwarsa na kasa cirewa, kamar zan ƙwace masa abin da na ba shi.

Wannan zan iya cewa don Baba na yi. Amma sadakar fa? Baba bai nema ba, mai bugawa bai nema ba. Da na cire Nana daga rijiyar, sai kwandon ya rasa dalili, ni kuma ina son kwandon a littafin don yana da kyau. Na nemo masa dalilin da zai ƙara wa kakana girma. Har na ji daɗin jimlar lokacin da na rubuta ta. Ban ko tuna cewa wadda ake kai wa kwandon tana raye, tana da kunne ba.

Zan sake rubuta babin, in sa a canja kafin bugu na biyu, in zo da kaina in karanta mata. Ki ba ni lokaci kaɗan, jarrabawa ta taso kuma ina so in yi shi yadda ya kamata. Roƙona ɗaya: kada ki gaya mata na sani. Ki bar ta a kan jahilci ne. Ban san da wane ido zan dube ta ba.

Kwandon na tura shi ƙarƙashin gado. Ban gaya wa Kamilu ba tukuna.

Ƙanwarki mai kunya,
Safinatu

Shagari, Asabar 13 ga Maris

Safinatu,

Wa alaikumus salam. Jikin Nana da sauƙi ba sauƙi. Kunu take sha, rabin ludayi.

Na ji abin da kika ce game da Baba Mansur, Allah Ya jiƙansa, kuma na ɗan sauko. Ni ma na taɓa yi wa mara lafiya ƙarya.

Roƙonki kuwa ya zo a makare. Ban gaya mata komai ba, ba ta bukata. Kin ɗauka tsufa ya cinye mata tunani? Ta tuna kalar gyalenki ranar. Cewa ta yi, "Na hwaɗa mata, tana rubutawa ina kallo. Wata ƙila takardar ta ɓace mata." Kin ji, ita ke nemo miki uzuri.

Ba fushi take da ke ba, da fushi ne da ya fi mini sauƙi. Jira take. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ce in leƙa ko daga Bodinga ne. Jiya mai gyaran keke ne ya zo, sai da na rantse mata.

Kada ki tsaya neman yadda ya kamata. Bodinga zuwa Shagari ba Makka ba ce. Ki zo ko da hannu rabbana, ko ki aiko da layi uku a bayan takardar jarrabawa, zan karanta mata. Ba na so in rubuta abin da nake gani a fuskarta, ke malama ce, ki gane.

Ummukulsum

Bodinga, Alhamis 1 ga Afrilu

Adda Ummu,

Assalamu alaikum. Ina fatan Nana ta samu sauƙi, tun da ban ji komai daga gare ki ba na ɗauka alheri ne. Ina gaida maigida da yara.

Kwana goma sha tara, na ƙirga. Ba jarrabawa ba ce, mun gama tun makon jiya. Sau biyu na sa gyale na je tasha. Na biyun har na shiga motar Ɗanliti, da ya ce saura mutum ɗaya sai na ce na manta abu a gida, na sauka. Tsoro ne kawai. Na fi so ta zage ni da ta ce wai takardar ce ta ɓace.

Babin na rubuta shi sau tara. Ga na ƙarshe, ki karanta mata yau, ni kuma ina tafe ranar Lahadi in Allah Ya kai mu:

"Dajin yana da mutanensa. Kafin Kaka ya zo, rugar Arɗo Sulaiman ta yi rani ashirin a wurin. Kaka ya haƙa rami uku bai samu ruwa ba, ya karaya, ya ɗaure kaya zai koma. Sai wata yarinya mai suna Hauwa ta zo da ƙwaryar nono. Ta kama hannun Asabe ta kai ta gindin kanya, inda farar saniyarta ke tona ƙasa da kofato. Nan ruwan yake. Arɗo ya ba Kaka izini ya zauna. Tun daga ranar, albasar farko ta kowace shekara ta gidan Arɗo ce. Ba kyauta ba ce, ba sadaka ba ce. Alkawari ne, don kada mu manta cewa mu ne baƙi."

Na karanta wa 'yan ajina jiya, na gaya musu na farkon ƙarya na yi. Yarinyar nan mai son kafa gari ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, Hauwar tana nan?" Na ce tana nan, a Shagari. Ta ce to me ya sa ba ki tambaye ta ba? Na ce su buɗe littafin lissafi.

Na gaya wa Kamilu. Bai yi mini faɗa ba, ya ce dai shi tun yana yaro ya san dalilin kwandon, ya ɗauka kowa ya sani. Mai bugawa ya yi ƙorafi amma ya yarda. Tsofaffin kwafin da ke makarantu zan bi su ɗaya bayan ɗaya in liƙa sabon shafin.

Albasar ta fara tsiro a ƙarƙashin gado, don kusa da randa take. Ɗakin duk warinta. Ban san ko in zo da ita haka ba.

Ƙanwarki,
Safinatu

Shagari, Asabar 10 ga Afrilu

Ƙanwata Safinatu,

Assalamu alaikum. Mun gode da zuwa, Allah Ya ba da lada. Baƙi sun watse, jiya muka mayar da tabarmin maƙwabta. Ga azumi ya ƙarato, karon farko da ba zan dama wa Nana kunun buɗa-baki ba.

Kin zo gaisuwa ranar Asabar ɗin da ta wuce, kin zauna can bakin ƙofa wurin takalma kamar baƙuwa. Sau uku muka haɗa ido. Na san abin da kike son tambaya, kin kasa, ni ma na kasa a gaban mutane. Ga amsar.

Ba ta ji ba. Ta cika ranar Juma'a da hantsi. Ɗanliti ya iso da wasiƙarki maza suna dawowa daga maƙabarta, ya miƙo mini ita yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Mako guda ina shawara da kaina in ce miki ta ji, ta yi murmushi, ta sa miki albarka. Da kin samu barci. Amma na ga inda irin wannan tausayin ya kai mu, ba zan ƙara wani a kai ba.

Ni ma ina da nawa. Kwana goma sha tara ina da waya a hannu. Na ce ba zan roƙe ki ba, ke kika yi ɓarna ke za ki zo. Ina ta riƙe girmana, ita tana ta leƙen ƙofa.

Ranar Laraba ta yi maganarki, ita ce ta ƙarshe a kan wannan. Ta ce, "Albasan nan ta isa tsiro yanzu. A hwaɗa ma ɗiyar Mansur kada ta zubar, kuma kada ta ci. Ta kai Tunga ta dasa bakin rijiya." Kamilu zai ce ba lokacin dashe ba ne, zafi zai kashe ta. Ki dasa duk da haka, ki ba ta ruwa da hannunki. Ban sani ba ko yafiya ce wannan, ba ta ce ba, ni kuma ba zan sa mata magana a baki ba.

Kwandon baɗi gidana zai zo, ni ce babba a zuriyar Arɗo da ta rage a nan. Kada a ba Ɗanliti. Ki ɗauko da kanki.

Na karanta sabon shafin, na karanta wa yarana. Ya yi. Abu ɗaya ne: kin ce farar saniya. Ni a iya sanina ja ce, haka nake ji tun ina ƙarama. Amma da na faɗa, Khadijatu ta ce ita fara ta ji. Mun yi ta musu har na miƙe na nufi ɗakin Nana in tambaye ta, sai da na kama labulen na tuna.

Ki duba shafukan nan bakwai na akwatinki ko ta faɗa miki. In babu, ki rubuta saniya kawai. Yanzu ba mu da wanda za mu tambaya.

Yayarki,
Ummukulsum